Yadda Ake Sake Buɗe Makarantu a Lokacin Annoba

A ranar 19 ga Maris, 2020, makonni uku bayan an tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Legas, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu, jihohi ma suka rufe nasu cikin 'yan kwanaki, kamar yadda Jamhuriyar Nijar da Ghana suka yi a cikin wannan watan. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa a watan Afrilun shekarar ɗalibai kusan biliyan 1.6 ne suke zaune a gida a ƙasashe fiye da 190. Rufewar ba ta buƙaci komai ba illa sanarwa ɗaya, amma komawa aji ta ci watanni ana jayayya, kuma a Najeriya sai a ranar 12 ga Oktoba makarantun haɗin kai na tarayya guda 104 suka buɗe wa dukkan ɗalibansu. Abin da ya faru a tsakanin waɗannan ranaku biyu ya isa a tsamo tsarin aiki daga cikinsa, domin annoba, wato cutar da ke bazuwa cikin jama'a da sauri fiye da yadda aka saba, ba ta korona kaɗai ba ce, kuma sanƙarau da mashaƙo da kwalara suna nan suna kewayowa.

Aikin farko shi ne a san halin cutar da ake fama da ita, saboda kowace cuta da hanyar da take bi, kuma matakin da ya tare wata yana iya zama ɓata kuɗi a kan wata. Ana neman amsar tambayoyi uku daga ma'aikatan lafiya: ta wace hanya cutar take kama mutum, su wane ne ta fi kwantarwa ko kashewa, sannan ko mai ɗauke da ita yana yaɗa ta kafin alamu su bayyana a jikinsa. Ibola, wadda ta sa aka jinkirta komawa makaranta a Najeriya zuwa 22 ga Satumba, 2014, tana kamawa ne ta hanyar taɓa jini ko amai ko wani ruwan jikin mara lafiya, kuma mutum ba ya yaɗa ta sai ya fara rashin lafiya, shi ya sa ma'aunin zafin jiki a bakin ƙofa ya yi ma'ana a wancan lokaci. Korona kuwa tana bin numfashi, tana iya zama a jiki har kwana 14 kafin ta bayyana, mai ɗauke da ita yana iya harbin wasu tun yana jin kansa garau, kuma yara da yawa sun kamu sun warke ba tare da zazzaɓi ba. Duk da haka makarantu da dama a 2020 sun ɗauko kayan aikin 2014 yadda suke, suka ɗora tsaron ɗalibai a kan na'urar da ake nuna wa goshi, wadda a zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba lallai ne ma ta faɗi gaskiya ba. Amsar tambaya ta biyu ita ce ta fi nauyi. Korona ta fi yin ɓarna a kan tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya, ta kuma yi wa ƙananan yara sauƙi, saboda haka haɗarin buɗe makaranta ya fi komawa kan malamai da kakanni da ke gida. Da a ce cutar ƙyanda ce ko mashaƙo, waɗanda yara suka fi kamawa, da lissafin ya sauya tun daga tushe, kuma da katin rigakafi ne zai zama sharaɗin shiga aji.

Bayan an san cutar, sai a auna abin da zaman gida yake jawowa, wanda shi ne ɓangaren da aka fi mantawa da shi, domin ana ƙirga masu kamuwa kowace rana a rediyo, amma ba mai ƙirga yarinyar da ba za ta sake komawa aji ba. Saliyo ta rufe makarantunta kusan wata tara a lokacin Ibola, ta buɗe a watan Afrilun 2015, kuma abin da aka tarar shi ne dubban 'yan mata sun yi ciki, yara da dama sun shiga aikin ƙarfi, wasu kuma iyayensu ba su da halin mayar da su. Yuganda ta rufe a watan Maris na 2020, ba ta buɗe gaba ɗaya ba sai 10 ga Janairu, 2022, wanda aka bayyana a matsayin rufewa mafi tsawo a duniya, malamai da yawa na makarantun kuɗi kuma suka kama wasu sana'o'in. A arewacin Najeriya, inda mafi yawan yara fiye da miliyan 10 da UNICEF ta ce ba sa zuwa makaranta tun kafin annobar suke, tsawaita hutu yana nufin talla da aikin gona da aure da wuri, sannan yaron da ke samun abinci sau ɗaya a ƙarƙashin shirin ciyar da 'yan firamare ya rasa shi. Darussan rediyo da talabijin da jihohi irin su Kano da Kaduna suka gabatar sun taimaka wa wanda ke da rediyo da kuma babba a kusa mai sa shi zama, amma yaron aji ɗaya ba ya koyon rubuta harafi daga murya kawai. Akwai kuma tambayar da ya kamata a yi da gaskiya: ina yaran suke idan ba sa makaranta? Idan kasuwa tana ci, ana ɗaurin aure, motocin haya suna cike, to yaron da aka hana aji yana cikin cunkoson da ba mai lura da shi, an gudu daga gara an faɗa zago. Ƙa'idar da UNESCO da UNICEF suka yi ta nanatawa daga baya, cewa makaranta ce ya kamata ta zama ta ƙarshe wajen rufewa kuma ta farko wajen buɗewa, daga wannan lura ta fito.

Shawarar lokacin buɗewa tana buƙatar ma'auni da aka amince da shi tun kafin a fara gardama, in ba haka ba wanda ya fi ɗaga murya shi zai yi nasara. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a watan Mayun 2020 shi ne kason gwaji, wato daga cikin kowane mutum 100 da aka gwada, nawa ne aka samu da cutar, kuma ta ce idan kason ya zauna ƙasa da 5 cikin 100 har tsawon kwana 14, alama ce ta cewa yaɗuwar ta lafa. Amfanin wannan ma'auni a kan adadin masu cutar kawai shi ne, adadi yana iya raguwa don an daina gwaji, alhali kason yakan tashi idan marasa lafiya ƙwarai kaɗai ake gwadawa. Sai dai ma'aunin yana aiki ne a inda ake gwaji da yawa, kuma a farkon annobar ɗakunan gwajin Najeriya 'yan ƙalilan ne, har ma na Kano ya tsaya na ɗan lokaci a watan Afrilu. A irin wannan hali ana haɗawa da alamu na gefe, kamar yawan masu wahalar numfashi da ake kwantarwa a asibitoci, da yawan ma'aikatan lafiya da suka kwanta, da kuma yawan jana'iza, domin a Kano masu haƙa kabari ne suka fara ankarar da jama'a cewa mace-mace sun ƙaru kafin alƙaluman hukuma su nuna komai. Wajibi ne kuma a auna wuri wuri. Halin da Legas ko birnin Kano suke ciki ba shi ne halin ƙauyen da ke da nisan kilomita 200 ba, kuma tun da tsarin mulkin Najeriya ya sa ilimi cikin abubuwan da tarayya da jihohi suke tarayya a kansu, babu abin da ya hana jiha ta buɗe ƙananan hukumomin da cutar ba ta yi ƙarfi ba, ta jinkirta na cikin birni.

Teburin da za a yanke shawarar ya kamata ya haɗa kwamishinonin ilimi da na lafiya, da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da ƙungiyar malamai, da masu makarantun kuɗi, da wakilan iyaye, da sarakuna da limamai, da kuma alarammomin tsangaya. Kowane ɗayansu yana da abin da yake karewa, kuma gara ya faɗe shi a fili: ƙungiyar malamai tana tsoron lafiyar mambobinta, mai makarantar kuɗi ba ya iya biyan albashi idan ba a biya kuɗin zango ba, iyayen 'yan ajin ƙarshe kuma jarrabawa ce a ransu. Abin da ake so daga zaman shi ne a fito da murya ɗaya, kuma watan Yulin 2020 ya nuna illar rashin hakan. A farkon watan an sanar da cewa jarrabawar WAEC za ta fara ranar 4 ga Agusta, bayan kwana biyu Ministan Ilimi na wancan lokaci, Malam Adamu Adamu, ya ce makarantun tarayya ba za su buɗe don jarrabawar ba, sannan a ƙarshen watan, bayan ganawa da kwamishinonin jihohi, aka tsayar da cewa 'yan ajin ƙarshe za su koma ranar 4 ga Agusta, jarrabawa kuma ta fara ranar 17. Kowace daga cikin shawarwarin tana da hujjarta, amma iyayen da suka ji magana uku cikin wata guda sun daina sanin wadda za su riƙe, shugabannin makarantu kuma sun rasa makonnin da za su yi shiri. Ya kamata sanarwa ta zo aƙalla mako biyu kafin ranar komawa, ta faɗi ranar, ta faɗi azuzuwan, ta kuma faɗi sharaɗin da zai sa a fasa.

A kan waɗanda za su fara komawa, ƙasashe sun kasu biyu. Danmak, wadda ta buɗe ranar 15 ga Afrilu, 2020, ta fara da ƙananan yara, bisa hujjar cewa su ne cutar ta fi yi wa sauƙi kuma su ne karatu daga nesa bai yi musu amfani ba, ta rarraba su ƙananan rukunoni, ta fitar da darussa da yawa waje. Najeriya da Ghana sun fara da masu jarrabawar fita, saboda ranar jarrabawa ba ta hannun ƙasa ɗaya kawai, kuma rasa ta yana nufin rasa shekara. Hujjar jarrabawa tana da ƙarfi, amma ta fuskar lafiya da ta koyo, 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare sun cancanci su biyo baya nan take, domin matasa sun fi kama da manya wajen yaɗa cutar, kuma yaron da bai iya karatu ba kafin hutu shi ne wanda watanni bakwai suka fi gogewa daga kansa. Nijar ta ɗauki wata hanyar, ta mayar da ɗalibai ranar 1 ga Yuni don su ƙarasa shekarar karatu, ganin cewa adadin masu cutar a ƙasar bai yi yawa ba.

Babban aikin yana cikin aji, kuma lissafi ne da shugaban makaranta zai yi da igiyar awo da rajista. A ɗauki ɗaki mai tsawon mita 8 da faɗin mita 7, a cire mita 2 na gaba don malami da allo, abin da ya rage murabba'in mita 42 ne. Idan ana son tazarar mita 1 tsakanin yaro da yaro, wadda ita ce mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nema, ɗakin ba zai ɗauki fiye da yara 25 zuwa 28 ba, idan kuma mita 2 ake so, adadin yana sauka zuwa kusan 12. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi ɗalibai 35 ga malami ɗaya a firamare, amma duk wanda ya san makarantun gwamnati na cikin biranen arewa ya san ajin da ke da yara 100 ko fiye, wasu a kan benci wasu a ƙasa. Irin wannan aji sai an raba shi huɗu kafin tazara ta samu, kuma babu wata sanarwa da za ta haifar da ɗakuna uku cikin mako biyu. Hanyoyin da suka rage su ne raba wuni zuwa safe da rana, da raba ranakun mako tsakanin azuzuwa kamar yadda Kano ta yi wa 'yan firamare da ta koma a watan Oktoban 2020, da kuma fitar da wasu rukunoni zuwa inuwar bishiya ko rumfa ko baranda. Kowace hanya da kuɗinta: zaman rana yana cin karo da Islamiyya, don haka dole a zauna da malamanta a daidaita lokaci, raba ranaku yana rage sa'o'in karatu zuwa rabi ko ƙasa, sannan dukkansu suna ƙara wa malami aiki, wanda ya kamata a ce an yi maganar alawus ɗinsa tun farko. Inda tazara ta gagara ƙwarai, abin da ake komawa gare shi shi ne tsarin rukuni, wato a tsayar da yara ƙungiya ɗaya da malami ɗaya da ɗaki ɗaya, ba sa cuɗanya da wata ƙungiya a taron safe ko lokacin tara ko wajen tashi, ta yadda idan cutar ta ɓulla, rukuni ɗaya za a sallama maimakon makaranta duka.

Iska ta fi tazara muhimmanci a cutar numfashi, ko da yake an daɗe kafin a yarda da hakan, domin sai a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito sarai ta ce ƙananan ɗigogin numfashi suna iya rataya a iskar ɗakin da ke rufe, su kai ga wanda ke nesa. Abin da ya faru a wata makarantar sakandare a birnin Ƙudus ya zama misalin da ake kafa hujja da shi. Isra'ila ta buɗe makarantunta gaba ɗaya ranar 17 ga Mayu, 2020, sai aka shiga kwanakin tsananin zafi, aka ɗage dokar takunkumi na ɗan lokaci, aka kunna na'urar sanyaya ɗaki a azuzuwan da ke da ɗalibai 35 ko fiye, kuma cikin kwanaki kaɗan ɗalibai 153 da ma'aikata 25 suka kamu. A nan makarantun ƙasar Hausa suna da wata dama da ba a cika lura da ita ba, tun da yawancin azuzuwa suna da tagogi a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, kuma karatu a fili ba baƙon abu ba ne. Aikin shi ne a tabbatar tagogin suna buɗuwa, a cire langa-langa ko katakon da aka toshe karyayyu da shi, a bar ƙofa a buɗe, a kuma fitar da yara na minti goma bayan kowane darasi biyu don iskar ɗakin ta sauya. Matsalar tana zuwa ne da hunturu, lokacin da sanyi da ƙura suke sa a rufe ko'ina, kuma a daidai wannan lokaci ne zagaye na biyu na korona ya taso a Najeriya, a watan Disambar 2020, har aka ɗage komawa zuwa 18 ga Janairu, 2021. Maganin da ya fi sauƙi shi ne a jinkirta shiga aji da sa'a ɗaya, a bar yara su sa rigar sanyi a kan kayan makaranta, tagogi kuma su zauna a buɗe.

Takunkumi yana da ƙa'idar shekaru. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a watan Agustan 2020 ita ce kada a tilasta wa ɗan shekara 5 zuwa ƙasa, masu shekara 6 zuwa 11 a duba ƙarfin yaɗuwar cutar a yankin da kuma ko akwai babba mai lura, daga shekara 12 kuwa su sa kamar manya. Na yadi mai ninki biyu ko uku, wanda telan unguwa zai ɗinka, ya wadatar idan ana wanke shi kullum, kuma makarantar da ta kori yaro don ba shi da takunkumi maimakon ta ajiye 'yan kaɗan a ofis ta rushe manufar buɗewar da hannunta.

Ruwa da sabulu ba sa buƙatar dogon bayani, samun su ne wuya. Bokiti mai famfo da kwano a ƙasa, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya kusa da banɗaki, ɗaya ga kowane jerin azuzuwa, ya isa, muddin an sa sunan wanda zai cika shi da safe da kuma inda kuɗin mai garuwa zai fito idan makarantar ba ta da rijiya ko burtsatse. Wannan ne aikin da ya dace da kwamitin gudanar da makaranta na al'umma, wanda ya ƙunshi iyaye da mai unguwa da malamai. Wajen goge benci da marikin ƙofa ana amfani da ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.1 cikin 100, kuma lissafinsa shi ne, idan kwalbar ta nuna kashi 3.5, a zuba murfi ɗaya cikin murfi 34 na ruwa, idan ta nuna kashi 5, cikin murfi 49, a haɗa sabo kowace rana domin ƙarfinsa yana gushewa. Feshin magani a harabar makaranta, wanda jihohi da yawa suka kashe kuɗi a kansa kafin buɗewa, ba shi da wani amfani a ginin da ya yi wata shida ba kowa, domin ƙwayar cutar ba ta rayuwa a kan bango tsawon haka, kuma tun a watan Mayun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta ba da shawarar feshi a fili ko a jikin mutane ba. Kuɗin feshi ɗaya da an gyara tagogi da famfo da shi, da ya yi aiki har bayan annoba.

Makarantar kwana tana da hukunci na daban, saboda yaran suna barci cikin iska ɗaya na sa'o'i takwas ba takunkumi. Ana rage yawan gadaje, a jera su kai da ƙafa, a bar tagogi a buɗe da gidan sauro, a rarraba lokacin cin abinci, a dakatar da ranar ziyara ko a mayar da ita fili, a kuma ware ɗaki guda na killacewa, wato inda za a keɓe mara lafiya har a san abin da ke damunsa. Makonni biyu na farko su ne masu haɗari, tun da ɗalibai sun taho daga garuruwa daban-daban, amma idan suka wuce lafiya kuma aka tsare ƙofa, makarantar kwana tana iya fin ta jeka-ka-dawo aminci, sai dai a lura da malamai da masu dafa abinci da ke kwana a cikin gari. Tsangaya ma makarantar kwana ce, kuma abin da aka yi mata a 2020 darasi ne mai ɗaci. A watannin Afrilu da Mayu gwamnonin arewa suka kwashe dubban almajirai a motoci zuwa jihohinsu na asali, daga baya jihohi irin su Kaduna da Jigawa suka sanar da cewa da dama daga cikin yaran da aka kawo musu suna ɗauke da cutar. Cusa yara a mota ɗaya na sa'o'i, sannan a watsa su ƙauyuka, ya saɓa wa duk abin da aka sani game da cutar numfashi. Da an bar su inda suke, an kai musu abinci da sabulu da ma'aikacin lafiya ta hannun alarammominsu, da haɗarin ya ragu a gare su da kuma garuruwansu.

Kafin ranar buɗewa dole a rubuta abin da za a yi idan aka sami mai cutar, a kuma karanta wa malamai da iyaye, domin shawarar da aka yanke cikin firgici takan zama rufe makaranta duka ko kuma ɓoye labari. Yaron da ya zo da zazzaɓi ko tari ana sa masa takunkumi, a zaunar da shi a keɓe ba tare da tsawa ko tozartawa ba, a kira iyayensa, a kuma sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, wanda ya kamata lambarsa ta kasance a manne a ofishin shugaban makaranta. A wannan yanki yawancin zazzaɓi na cizon sauro ne, saboda haka gwajin maleriya na gaggawa a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa yana rage tsoro da yawa, ko da yake samun maleriya bai kore yiwuwar wata cutar tare da ita ba. Idan gwaji ya tabbatar, rukunin yaron ne zai zauna a gida na tsawon kwanakin da hukumar lafiya ta ƙayyade, wanda a 2020 kwana 14 ne. Rufe makaranta gaba ɗaya sai idan an sami masu cutar a rukunoni da yawa da ba su da alaƙa da juna, kuma ko a nan a faɗi ranar dawowa tare da ranar rufewa. Malamin da ya haura shekara 60 ko yake da ciwon suga ko hawan jini ana ba shi aikin da ba na cikin cunkoso ba, malamin da ya ji alamu kuma ya zauna a gida ba tare da an yanke masa albashi ba, domin wanda ya san za a yanke masa zai zo aji da tarinsa. Idan rigakafi ya samu, kamar yadda kashin farko na kusan allura miliyan 4 ya iso Najeriya ranar 2 ga Maris, 2021, malamai su shiga sahun gaba bayan ma'aikatan lafiya, amma ba a jinkirta buɗe makaranta don jiran sa.

Makon farko bayan komawa na rajista ne. Malamin aji yana ɗauko rajistar da aka rufe da ita, ya gwada da waɗanda suka dawo, ya fitar da sunayen da babu su, ya miƙa wa kwamitin makaranta da mai unguwa, su kuma su bi gida gida kafin wata ya cika, saboda yarinyar da aka sa wa rana ko yaron da ya tafi ci-rani, idan zango ya wuce, dawo da su yana wuya. A wannan lokaci ya kamata a dakatar da korar yara saboda kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai ko rashin kayan makaranta, a kuma buɗe ƙofa ga wadda ta yi aure ko ta haihu ta ci gaba da karatu. Waɗanda suka dawo kuma ba a ɗora musu darasi daga inda manhaja ta ce ya kamata su kai. Ana yi wa kowane yaro ɗan gwaji na minti biyar, a ga ko yana gane harafi, ko kalma, ko yana iya karanta gajeren labari, haka ma lissafi, sannan a rarraba su bisa matakin da aka same su na sa'a ɗaya ko biyu a kullum, ko da ɗan aji biyar zai zauna da ɗan aji uku. Wannan hanya, wadda ƙungiyar Pratham ta ƙirƙiro a Indiya kuma aka gwada ta da harshen Hausa a jihohin arewa, ba ta buƙatar komai sai allo da alli da malamin da aka horar na 'yan kwanaki, kuma ana maimaita gwajin bayan mako shida don a matsar da wanda ya ci gaba zuwa rukuni na gaba.